Tsirrai, ƙwayoyin tushe da haɗewar karaya: ina bincike ya tsaya?

Duk gidan da aka taɓa jinyar mai karaya an san muhawarar da ke tashi tun kafin a ɗauke shi daga inda babur ya kayar da shi: wasu su ce a nufi asibiti, wasu su ce akwai wani mai ɗori a ƙauye kaza wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma ɗorinsa bai taɓa karkacewa ba. A 'yan shekarun nan an sami murya ta uku a cikin wannan muhawara, wato ta masu tallar garin magani a ƙananan ledoji da ƙwayoyi a kwalba, waɗanda ke yawo a WhatsApp da Facebook da sunan “sitem sel”. Ana cewa daga tsirrai aka haɗa su, kuma suna tayar da ƙwayoyin jiki su je su gyara ƙashi da gwiwa da ƙugu.

Abin da ya sa maganar take rikita mutane shi ne tana da ƙamshin gaskiya. Akwai bincike na haƙiƙa, mai yawa kuwa, da ake yi musamman a ƙasashen Sin da Indiya, a kan yadda wasu sinadarai da aka tato daga tsirrai suke sa ƙwayoyin da ke gina ƙashi su yi tattaki zuwa inda aka ji rauni. Sai dai tsakanin abin da aka gani a ɗakin gwaje-gwaje da abin da ake faɗa wa mai karaya a bakin gadonsa akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tazarar ne ake yin ciniki.

## Mece ce ƙwayar tushe?

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma mafi yawansu kowace ta riga ta kama sana'arta: ta fata aikin fata take yi, ta hanta aikin hanta, ba mai iya komawa aikin wata. Ƙwayar tushe, wadda 'yan talla suke kira sitem sel, ita ce wadda ba ta kama sana'a ba tukuna. Tana iya rabuwa ta haifi irinta, tana kuma iya rikiɗa ta zama ƙwayar wani sashe idan jiki ya buƙata.

A cikin ɓargo akwai iri biyu da ake yawan cakuɗa su. Na farko su ne masu haifar da jini, waɗanda ake nufi idan ana maganar dashen ɓargo ga masu sikila ko sankarar jini. Na biyu, waɗanda suka shafi ƙashi, wani masani ne a Mosko mai suna Alexander Friedenstein ya fara gano su a shekarun 1960 zuwa 1970, lokacin da ya lura cewa wasu 'yan tsirarun ƙwayoyin ɓargo suna manne wa farantin gwaji, kuma idan aka dasa su a wani wuri a jikin dabba sai su yi ƙashi. A 1991 Arnold Caplan, wani masani a Amurka, ya raɗa musu sunan da ake taƙaitawa da MSC. A faranti ana iya sa su zama ƙwayoyin ƙashi, ko na guringuntsi, ko na kitse. Ba su da yawa ko kaɗan: a cikin ƙwayoyin ɓargo dubu goma zuwa dubu ɗari akan sami guda ɗaya, kuma adadin yana raguwa yayin da mutum yake manyanta.

Shi kansa Caplan ya dawo a 2017 yana neman a canza sunan, domin a ganinsa babban aikin waɗannan ƙwayoyi a jiki shi ne fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi da zaburar da ƙwayoyin da ke wurin, fiye da su rikiɗa su zama sabon sashe da kansu. Daga cikin dalilan da ya bayar har da yadda wasu asibitocin kuɗi suke fakewa da sunan suna sayar wa marasa lafiya abin da ba a tabbatar ba.

## Kiran gayya: yadda karaya take haɗewa

Ƙashi yana cikin 'yan sassan jiki da suke warkewa ba tare da tabo ba, domin abin da ke cike gurbin ƙashi ne irin na asali. Da zarar ya karye, jini yakan taru ya yi guda a tsakanin ɓangarorin biyu, wurin ya kumbura ya yi zafi na wasu kwanaki. Wannan kumburi, wanda majinyata suke ɗauka a matsayin ciwon kansa, shi ne farkon gyaran. Bayan mako biyu zuwa uku sai wani dunƙule mai taushi, mai kama da guringuntsi, ya haɗa bakin karayar, sannan a hankali ya sha sinadarin kalsiyam ya taurare. Shi ne ƙullutun da ake shafawa a ji a ƙwaurin wanda ya taɓa karyewa. Daga nan jiki yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, yana sassaƙe shi har ya koma kusa da siffarsa ta da.

Wannan aiki yana buƙatar ma'aikata, kuma ana kiransu ne kamar yadda ake kiran gayya. Inda ƙashi ya karye jijiyoyin jini sun tsinke, iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ƙwayoyin wurin su fara fitar da wani sinadari da ake kira SDF-1. A jikin ƙwayar tushe akwai wata 'yar makarɓa mai suna CXCR4, wadda ita ce kunnen da take jin wannan kira da shi. Sinadarin ya fi yawa a bakin raunin, yana raguwa yayin da aka yi nisa, don haka ƙwayar takan bi shi daga inda yake kaɗan zuwa inda ya yi yawa, kamar yadda ake bin sautin ganga har a isa gonar da ake gayyar. Wannan tattaki shi ne masana suke nufi da ƙaurar ƙwayoyin tushe. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kyoto ta Japan suka nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka toshe wannan kira, sabon ƙashin da ke fitowa yakan ragu sosai.

Daga ina 'yan gayyar suke zuwa? Nan akwai saɓani, kuma saɓanin yana da muhimmanci ga batun tsirrai. Hoton da talla take zanawa shi ne na ƙwayoyi da suke tasowa daga ɓargon sassa masu nisa, su bi jini, su sauka a kan karaya. Hakan yana faruwa, amma gwaje-gwaje a jikin ɓeraye, ciki har da aikin wata mai bincike, Céline Colnot, na 2009, sun nuna cewa mafi yawan ma'aikatan maƙwabta ne: suna fitowa daga siririn tantanin da ya lulluɓe ƙashin da kuma ɓargon da ke daura da raunin. Shi ya sa karayar da ta yage nama ta kware wannan tantani, irin wadda ƙashi ke fitowa waje, ta fi wuyar haɗewa.

Kiyasin da likitocin ƙashi suka fi ambata shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na karaya sukan yi jinkirin haɗewa ko su ƙi haɗewa sam. Saboda waɗannan ne ake neman hanyar ƙara ƙarfin kiran.

## Tsirran da aka fi bincika

Masu binciken ba su shiga daji da ka ba. Sun fara ne da tsirran da magungunan gargajiyar ƙasashensu suka daɗe suna ba masu karaya. Sunayen ma sun isa shaida. A Sin akwai saiwar wani tsiro, Drynaria fortunei, da suke kira gusuibu, ma'ana mai gyaran farfasasshen ƙashi, kuma sinadarin da aka fi bi a cikinta shi ne naringin, wanda ake samu har a cikin wasu nau'o'in lemo. Akwai Dipsacus asper, da suke kira xuduan, wato mai haɗa abin da ya tsinke. Akwai ganyen Epimedium, wanda kasuwa ta fi saninsa a matsayin maganin ƙarfin maza, amma sinadarinsa mai suna icariin shi ne aka fi yin rubutu a kansa a fagen ƙashi. Sai jar saiwar danshen, wato Salvia miltiorrhiza, da kuma saiwar wani tsiro mai suna chuanxiong, waɗanda gwaje-gwaje suka nuna cewa wasu sinadaransu suna ƙara yawan CXCR4 a jikin ƙwayar tushe, wato suna ƙara mata kaifin ji.

A Indiya kuwa tsiron da ya yi suna shi ne Cissus quadrangularis, mai yaɗo, mai kara kusurwa huɗu da gaɓoɓi kamar jerin ƙasusuwa. Suna kiransa hadjod, mai haɗa ƙashi, kuma tun shekarun 1960 wasu masu bincike biyu, Udupa da Prasad, suka gwada shi a kan karayar dabbobi a jami'ar Banaras. Wannan tsiro ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, shi ne dodoriya da ke hawa bishiyoyi a daji. A 2009 wasu masu bincike a Manipal, a kudancin Indiya, suka ba da rahoton cewa abin da suka tato daga gare shi yana sa ƙwayoyin tushen ɓargon ɓera su yawaita, su kuma karkata ga zama ƙwayoyin ƙashi.

Ya kamata a bambance abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya. Jiƙo ko tsimi da aka yi da saiwa ko sassaƙe yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai waɗanda yawansu yake canzawa gwargwadon ƙasar da tsiron ya fito, da lokacin da aka cire shi, da yadda aka shanya shi. Tataccen magani na masana'anta shi ne wanda aka auna aka daidaita adadin wani sinadari a cikinsa. Sinadari guda tsantsa, kamar icariin, shi ne wanda aka ware shi kaɗai. Mafi yawan sakamakon da ake yayatawa a kan na ukun aka same shi, alhali abin da ake sayarwa na farkon ne ko na biyu.

## Abin da ake gani a faranti

Idan aka ce “bincike ya tabbatar” cewa wani tsiro yana sa ƙwayoyin tushe ƙaura, yawanci ɗaya daga cikin gwaji biyu ake nufi. A na farko, akan ɗebo ƙwayoyi daga ɓargon cinyar ɓera, a rene su a ɗan farantin roba cikin ruwan abinci mai launin ja-ja har su shimfiɗu su rufe ƙasansa. Sai mai bincike ya ɗauki bakin tsinken roba ya ja layi guda a tsakiya, ya bar fili fayau kamar hanyar da aka share a gona. Ya zuba sinadarin tsiron a wasu farantan, ya bar wasu haka nan, ya ɗauki hoto, ya dawo bayan awa 24 ya sake ɗauka. Idan filin ya fi rufewa a farantan da aka zuba wa sinadari, sai a rubuta cewa ya ƙara ƙaura.

A na biyu, wanda ya samo asali daga dabarar da wani masani, Stephen Boyden, ya fito da ita a 1962, akan sa ƙwayoyin a wani ɗan kofi wanda ƙasansa rariya ce mai ramuka ƙanana ƙwarai, kimanin maikuron takwas (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), a ɗora shi a kan ruwan da ke ɗauke da sinadarin kira. Bayan wasu awoyi a goge waɗanda suka rage a sama, a rina waɗanda suka kutsa ƙasa da shuɗi, a ƙirga su.

Gwaje-gwaje ne masu amfani, kuma da su ake tace abin da ya cancanci a ci gaba da bi. Amma akwai abubuwan da ba sa iya faɗa. A faranti sinadarin yana zaune kai tsaye a kan ƙwayoyin, dare da rana, da adadin da mai bincike ya zaɓa. A jikin mutum kuwa sai ya bi ta ciki da hanji, inda ƙananan halittun da ke zaune a hanji suke farfasa shi, sannan ya ratsa hanta, wadda take canza masa kama, kafin ɗan abin da ya rage ya shiga jini ya kai ƙwauri. An san cewa icariin da naringin duka ba sa shiga jini da yawa idan aka sha su, kuma abin da ke yawo a jinin sau da yawa ba ainihin sinadarin da aka zuba a faranti ba ne, 'ya'yansa ne. Haka kuma an sha ganin cewa adadi kaɗan yana zaburar da ƙwayoyin, adadi mai yawa kuma ya dakushe su ko ya kashe su, don haka ƙa'idar “ƙara cokali ɗaya don ya fi aiki” ba ta da wuri a nan.

Mataki na gaba shi ne dabbobi, kuma a nan ma sakamako da dama sun yi kyau: a karya ƙashin ɓera ko a huda na zomo, a ba shi sinadarin, a ga gurbin ya cike da wuri. To amma ɓerayen gwaji matasa ne masu ƙoshin lafiya, karayarsu takan haɗe cikin makonni kaɗan ko an ba su magani ko ba a ba su ba, alhali ƙwaurin babban mutum yakan ɗauki wata uku zuwa shida. Wanda ya fi buƙatar taimakon, wato dattijo mai ciwon suga, ko mashayin taba, ko wanda rauninsa ya yi ruwa, shi ne wanda ɓeran bai yi kama da shi ba.

Saboda matsalar sha ta baki, wasu masu bincike sun koma ga kai sinadarin wurin kai tsaye. A Hong Kong, ƙungiyar Farfesa Qin Ling ta gwada wani abu mai kama da soso, wanda ake cusa wa sinadarin Epimedium a dasa shi a gurbin ƙashin zomo, ya riƙa sakinsa a hankali yayin da shi kansa yake narkewa. Idan wannan fage zai haifar da magani, wataƙila ta irin wannan hanya zai zo, kuma aikin tiyata ne, ba abin kaɗawa a kofin shayi ba.

## A jikin ɗan'adam fa?

Nan ne hujjoji suka yi ƙaranci. Gwajin da aka fi ambata shi ne wanda aka buga a 2007, inda aka raba mata ɗari da suka daɗe da daina al'ada gida biyu, aka ba rabi sinadaran Epimedium, rabi kuma ƙwayar da ba magani a cikinta, dukansu tare da kalsiyam, har tsawon wata 24. Waɗanda suka sha sinadaran ƙashinsu bai zaizaye kamar na sauran ba. Sakamako ne mai ma'ana, sai dai a kan zaizayar ƙashi aka yi shi, ba a kan karaya ba, kuma ba a auna ƙaurar ƙwayoyin tushe a ciki ba.

A kan dodoriya an yi 'yan gwaje-gwaje a Indiya, galibi a kan masu karayar muƙamuƙi, ɗaya daga ciki ma har da zogale aka gwada. An ba da rahoton raguwar zafi da kumburi da alamun saurin haɗewa, amma mutanen da aka gwada 'yan gomomi ne a kowane gwaji, kuma duk an riga an ɗaure musu muƙamuƙin ta hanyar asibiti kafin a ba su tsiron. Wannan batu na ƙarshe shi ne wanda talla ba ta faɗa.

Su kansu ƙwayoyin tushe, ba tare da tsiro ba, suna da hujja mafi ƙarfi idan aka kai su wurin da hannu. A 2005 Philippe Hernigou, likitan ƙashi a Faransa, ya buga sakamakon mutum 60 da ƙwaurinsu ya ƙi haɗewa: ya zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunsu, ya tace shi, ya yi musu allurarsa a bakin karayar, 53 suka haɗe, kuma bakwai ɗin da suka ƙi su ne waɗanda ɓargonsu ya zo da ƙarancin ƙwayoyin. Shi wannan likita ya yi amfani da irin wannan dabara ga masu mutuwar kan ƙashin cinya, matsalar da masu sikila suka sani sarai. Idan kuwa ta jijiya aka yi allurar ƙwayoyin, mafi yawansu a huhu suke maƙalewa. Sai a Disambar 2024 ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin MSC na farko, shi ma ba don ƙashi ba, don wata matsala ce da ke samun yara bayan dashen ɓargo.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon bayan wannan bincike suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa magungunan zamani masu zaburar da ƙashi, irin su sinadarin BMP-2 da aka amince da shi a Amurka a 2002, suna da tsadar da ta fi ƙarfin talaka, kuma su ma ba su tsira daga illa ba, tunda a 2008 an yi gargaɗi a kan kumburin da yake jawowa idan aka yi amfani da shi a wuya. Suna cewa sa jiki ya kira ƙwayoyinsa ya fi sauƙi da arha a kan a ɗebo su a rene su a mayar. Suna kuma kafa hujja da tarihi: artemisinin, wanda yake cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a kowane gida yau, daga wani tsiron gargajiyar Sin wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka ware shi a 1972, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. A Najeriya ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan don masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi.

Likitocin ƙashi da masu shakka ba su musanta wannan ba, amma suna cewa misalin artemisinin ya fi goyon bayansu, domin bai zama magani ba sai da aka ware shi, aka auna shi, aka gwada shi a kan dubban mutane. Suna nuni da cewa yawancin rahotannin ƙaurar ƙwayoyi ƙanana ne, kuma sakamakon da ya yi kyau ya fi samun bugawa a kan wanda bai nuna komai ba. Babbar hujjarsu ita ce haɗewar karaya tana buƙatar abubuwa da dama a lokaci guda: ƙwayoyi, da sinadaran kira, da jini mai isa wurin, da kuma ɓangarorin ƙashi da aka daidaita aka hana su motsi. Ko gayya ta cika maƙil, idan bakin karayar ya goce ko yana motsi duk lokacin da majinyaci ya juya, abin da aka gina da safe zai rushe da yamma.

Masu maganin gargajiya kuwa, a Sin ko a nan, suna da nasu ƙorafin a kan ɓangarorin biyu: cewa ware sinadari guda daga haɗin da aka gada yana ɓata hikimar haɗin, tunda tsirran suna taimakon juna ne. Wannan magana za ta iya zama gaskiya a wasu haɗe-haɗen, kuma ana iya gwada ta kamar yadda ake gwada sinadari guda, muddin mai haɗin ya yarda a san abin da ke ciki.

## Illolin da aka sani

A Disambar 2016 hukumar kula da magunguna ta Sin ta fitar da sanarwar gargaɗi cewa Xianling Gubao, wani sanannen maganin ƙashi na tsirrai wanda ya ƙunshi Epimedium da xuduan da danshen da wasu, yana iya yi wa hanta lahani, musamman ga tsofaffi da masu shan sa na tsawon lokaci. Wannan magani ne mai rajista da ake haɗawa a masana'anta, ba na bakin titi ba. An kuma san cewa danshen yana ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini, har ya kai ga zubar jini, abin da ya shafi duk wanda ake shirin yi wa tiyata.

Akwai kuma wata tambaya da ta taso daga ainihin dabarar. Tun 2001 aka nuna cewa ƙwayoyin sankarar mama suna amfani da wannan kunne na CXCR4 wajen bin kira zuwa huhu da hanta da ɓargo. Wannan ba ya nufin tsirran suna haddasa sankara, amma yana nufin duk abin da aka ce yana ƙara kaifin wannan kunne a jiki baki ɗaya sai an bincika wa kuma yake ƙara wa ji.

## Kayan kasuwa da lambar NAFDAC

Kayan da ake tallatawa da sunan sitem sel kashi biyu ne. Wasu suna cewa suna ɗauke da ƙwayoyin tushen tsiro, galibi na wani nau'in tuffa na ƙasar Suwizalan, wanda a man shafawa aka fara amfani da shi. Tsirrai suna da nasu ƙwayoyin tushen, amma na tuffa tuffa suke yi. Ba sa zama ƙashin mutum, kuma bayan an busar da su an niƙa an sha, ciki yakan narkar da su kamar kowane abinci. Wasu kuma suna cewa suna “tayar da” ƙwayoyin tushen mai sha, wanda shi ne iƙirarin da ya jingina da binciken da aka bayyana a sama, ba tare da an gwada shi wannan kayan a kan masu karaya ba.

Mai talla yakan nuna lambar NAFDAC a matsayin shaida. Ga magungunan tsirrai, hukumar tana da matakin farko na rajista, wanda lambarsa take ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarsa ita ce an duba kayan ta fuskar aminci, ba a tabbatar da cewa yana warkar da abin da aka ce ba. Shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, rubutun da galibi yake da ƙananan baƙaƙe a gefe.

## Abin da wannan ke nufi ga mai karaya

Asarar farko ta kuɗi ce, domin waɗannan kaya ba su da arha kuma akan ce sai an sha na watanni. Wadda ta fi ta ita ce asarar lokaci. Karayar da ta goce tana da 'yan makonni kafin ta ƙage a karkace, kuma bayan nan gyaranta sai an sake karya ta a ɗakin tiyata. Wadda ƙashi ya huda fata tana buƙatar wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awoyi, kuma cusa mata garin magani yana iya kai ruɓa har cikin ɓargo. Hoton ƙashi guda ɗaya kafin a ɗaure, da wani bayan an ɗaure, shi ne yake nuna ko bakin ya daidaita, kuma akwai masu ɗori da yanzu suke tura majinyata su yi hoton kafin su taɓa su.

Ga wanda ya zaɓi ɗorin gida, haɗarin da asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano suka fi gani ba daga tsiron da aka shafa yake zuwa ba, daga ɗaurin ne. Idan aka matse karare a kan gaɓar da ke kumbura, jini yakan yanke, kuma tsoka takan fara mutuwa cikin kimanin awa shida. Zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsun da suka yi sanyi ko suka canza launi ko suka daina ji, alamu ne na a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da mai ɗori ya ce kada a taɓa sai ya dawo. A kudancin Habasha, wani rahoto da aka buga a 2005 ya nuna cewa ɗan gajeren horo da aka ba masu ɗori a kan wannan batu ya rage yawan yanke gaɓoɓi.

Abubuwan da aka tabbatar suna jinkirta haɗewa kuwa sanannu ne: shan taba, ciwon suga da ba a kula da shi ba, ƙarancin abinci mai gina jiki da kalsiyam, da yawan shan magungunan sitiroyid, waɗanda ake saya barkatai a kemis don ciwon gaɓoɓi ko don ƙiba. Wanda yake shan wani haɗin tsirrai a gefe ya kamata ya faɗa wa likitansa sunansa da adadinsa, musamman idan yana da matsalar hanta ko ƙoda, ko ana shirin sa masa ƙarfe.

Dodoriya da zogale duka suna nan a ƙasar Hausa, masu karayar ƙwauri kuma suna cika ɗakunan asibitocin koyarwa kowane mako. Gwajin da zai raba gardama ba ɓoyayye ba ne: a ɗauki 'yan ɗaruruwan masu karaya iri ɗaya waɗanda aka yi wa ɗauri iri ɗaya, a raba su ta hanyar ƙuri'a, a ba rabi tataccen tsiron da aka san adadin sinadarinsa, rabi kuma ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a ciki, ba tare da majinyaci ko likita ya san wanda ya sami wanne ba, a riƙa auna lafiyar hantarsu, sannan a ƙirga makonnin da kowane rukuni ya ɗauka kafin hoto ya nuna ƙashi ya haɗe kuma mutum ya taka ƙafarsa ba sanda.